Zafin inji: a binciki waya kafin a sayi sabon ma'auni

Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya saba ganin motoci tsaye a bakin titi, an ɗaga murfin inji, tururi na tashi. Mu ma ta faru da mu a kusa da Tasawa. Muna cikin motar haya tare da mata ƴan kasuwa masu kwandunan tumatir, sai inji ya tafasa, alhali allurar zafi da ke gaban direba ba ta motsa ba. Kafin a samo makanike rana ta yi aikinta, rabin tumatirin ya lalace. Da aka bincika, ashe wata ƴar waya ce ta tsinke.

Abin da ya kamata mu sani shi ne, a jikin inji, kusa da inda babban tiyon ruwa ke fita zuwa lagireto, akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, wanda bakinsa ke cikin ruwan sanyaya inji. Shi ne ma'aunin zafi. Kwamfutar mota tana aika masa wuta volt 5. Idan ruwa na da sanyi sai ya tare wutar sosai, idan ruwa ya yi zafi sai ya sakar mata hanya. Da haka kwamfuta ke gane zafin inji, ta san yawan man da za ta ba shi, kuma a motoci da yawa ita ce ke kunna fanka. Motoci da dama suna da ma'auni biyu: mai waya ɗaya na allurar gaban direba, mai waya biyu na kwamfuta. Saboda haka ɗaya na iya mutuwa ɗayan yana aiki.

Idan saƙon ya ɓaci, kwamfuta na iya zaton inji na cikin sanyi, sai ta riƙa zuba mai fiye da kima. Nan za a ga baƙin hayaƙi, shan mai ya ƙaru, mota ta yi wuyar tashi bayan ta yi zafi. Fanka kuma ko ta ƙi tashi sam, ko ta yi ta gudu ba tsayawa.

To, a nan ne kuɗin ɗan kasuwa ke tafiya a banza, domin wasu masu gyara da ganin alamun sai su ce a sayo sabo. Makanike na ƙwarai yana bin abin daki-daki. Da farko, bayan inji ya huce, zai duba ruwa, don idan ruwa ya yi ƙasa bakin ma'aunin ba ya taɓa shi, sai ya ba da labarin ƙarya. Na biyu, zai cire soket ya duba ko ya yi tsatsa, ko ƙura da mai sun cika shi, ya bi wayar ya ga ko ta goge a jikin ƙarfe ko ɓera ya ci ta. Na uku, zai kunna makulli ya auna da mita ya ga ko volt 5 ɗin na isowa. Sai a ƙarshe ya auna ma'aunin kansa: a yawancin motoci yana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a zafin digiri 20, ya sauka zuwa wajen om 300 a digiri 80. Idan an tsoma bakinsa a ruwan zafi lambar ba ta sauka ba, to lalle ya mutu.

Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wurin da ake jona na'urar bincike. Lamba P0118 galibi tana nufin waya ta tsinke ko soket ya saki, har na'urar ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili, sanyin da ba a taɓa yi ba a ƙasarmu. Lamba P0117 kuwa galibi waya ce ta haɗu da jikin mota. Lambar tana nuna layin da ke da matsala ne kurum, ba ta ce a sayi komai ba.

Muna jan hankalin masu motoci game da al'adar nan ta haɗa fanka kai tsaye da makulli a bar ma'aunin a mace. Fanka za ta yi ta gudu, amma shan mai na nan, kuma ranar da ruwa ya tsiyaye babu abin da zai gargaɗi direba, sai gaskit ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe, gyaran da ke cinye ribar tafiya da yawa.

Ku kuma iyayenmu mata da ke ɗora albasar Galmi ko tumatir a motar haya, kuna da ta cewa. Idan an yi tafiyar minti 15 allurar zafi na kwance a ƙasa, ku yi wa direba magana tun ana kusa da gari. Idan kuwa inji ya tafasa, kada a bar kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, don ruwan na iya ƙona fuska. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.