Idan Neman Wasiƙa Ya Tsaya Bayan Sabunta Windows

Akwatin nema na Outlook ba ya bin wasiƙu ɗaya bayan ɗaya. Wani fihirisa yake dubawa, wanda Windows ke tarawa a cikin kwamfuta. Babban sabuntawa kan goge fihirisan, sai nema ya dawo babu komai, alhali wasiƙun suna nan lafiya lau. Microsoft ta tabbatar da faruwar haka a 2021 ga waɗanda suka koma Windows 11.

Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, 'yan kasuwar Miskine da KM5 a Bangui masu komawa Windows 11 na iya cin karo da matsalar. Don sake gina fihirisan a kwamfuta mai Faransanci, a buɗe Panneau de configuration, a shiga Options d'indexation, a tabbatar Outlook na cikin jerin. Daga nan a danna Avancé, sannan Reconstruire.

Aikin kan ci sa'o'i, kuma ba ya tafiya sai kwamfuta na kunne, abin da ɗaukewar wuta a Bangui ke jinkirtawa. Kafin ya kammala, a nemi wasiƙar da ake so ta burauza ko waya. Goge akwatin imel ɗin don gyara matsalar kuwa ganganci ne, musamman mai tsarin POP, wanda wasiƙunsa kan zauna a kwamfutar kaɗai.