Al'adun Hunturu a Ƙananan Garuruwan Ƙasar Hausa

Manomin ƙasar Hausa ya kasa shekararsa gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani, hunturu kuwa shi ne farkon rani, lokacin da busasshiyar iska mai sanyi ke kaɗowa daga arewa maso gabas, tun daga wajen ƙarshen watan Nuwamba har cikin Fabrairu. Iskar takan zo da hazo, wato ƙura mai laushi da ke tasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, har ta dushe hasken rana, ta busar da leɓe, ta jawo kaushi da faso da mura. Duk da wannan wahala, a ƙaramin gari babu lokacin da jama'a ke cuɗanya da juna kamar wannan, domin a cikinsa ne abubuwa uku ke haɗuwa: hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya saki mutane, hanyoyin da ruwa ya yanke da damina kuma sun bushe. Saboda haka duk wata hidima da aka jingine tun saukar ruwan farko, ko ta aure ce ko ta gini ko ta wasa ko ta karatu, a wannan tsakani ake sauke ta. Ya kamata a lura cewa waɗannan al'adu lissafin rana da na amfanin gona suke bi, saɓanin azumi da bukukuwan Sallah da ke bin lissafin wata, waɗanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har su zagaya dukkan yanayi.

Hidimar farko ita ce ta killace abin da aka noma. Bayan an ɗaure damman gero da dawa an kawo su gida, magidanci kan fitar da zakka, wadda a hatsin da ruwan sama ya shayar kashi ɗaya ce cikin goma, sannan ya aika wa malami da surukai da marasa ƙarfi na unguwa nasu rabon, ya kuma sallami maƙerin da ya yi masa fartanya da wanzamin gidansa, waɗanda a tsohon tsari da dami ake biyansu ladan aikin shekara. Daga nan sai a juya kan gyaran muhalli, tunda ƙasar gini ba ta bushewa yadda ake so sai ruwa ya ɗauke. Magina kan kwaɓa ƙasa su dunƙula tubali, a ta da katangar da damina ta kayar, a yi wa rumbu yaɓe, a kewaye gida da sabon darni na karan dawa ko zana, wato shimfiɗar gamba da ake saƙawa. Ɗakin da ke buƙatar sabuwar jinka akan ɗaura masa ita a ƙasa, a baibaye ta da shuci, sannan a kira maƙwabta su taru su ɗaga ta su ɗora a kan bango, kuma daga wannan aiki ne aka sami karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata ma suna da tasu gayyar, wato aikin taimakon juna da ba a biyan lada sai dai abinci, ita ce ta daɓe, inda sukan jeru da madaɓai suna bugun ƙasan sabon ɗaki tare da waƙa har ya daddale, galibi ɗakin da za a kawo amarya.

Aure shi ne babbar hidimar wannan lokaci, kuma dalilinsa a fili yake, domin sai an sayar da gyaɗa ko wake ko auduga saurayi ke samun kuɗin sadaki da na lefe, uban yarinya kuma ya sami abin yin kayan ɗaki da gara, wato kayan abincin da iyayen amarya ke kai wa gidan ango. Idan an sa rana a ƙauye, yawanci cewa ake yi sai bayan kaka, shi ya sa a mako guda akan iya ɗaura aure da dama a gari ɗaya, a yi kamu da sa lalle da kai amarya da buɗar kai, dangi na nesa su zo su kwana biyu ko uku. Gudummawar da mata ke kai wa juna a irin wannan taro, wadda ake kira biki, bashi ce da kowa ke riƙe da lissafinta, domin wadda aka kawo wa yau za ta mayar da abin da ya fi shi ranar da ƙawarta ke da tata hidimar. Haka kuma a cikin sanyi aka saba yi wa yara maza kaciya, saboda an yi imani cewa ciwo ya fi saurin warkewa a lokacin da babu zafi da gumi. Akan tara sa'o'in juna na gida ɗaya ko unguwa ɗaya, wanzami ya yi musu aiki rana guda, a ajiye su ɗaki ɗaya ana ciyar da su abinci mai maiƙo har su warke, kuma waɗanda suka yi wannan zama tare kan riƙe abotarsu har girma.

Sanyin safiya da na dare ya haifar da al'adar jin ɗumi. Tun da asuba yara kan tara kara da karmami su hura wuta a bakin hanya, manya su tsaya su miƙa hannu bayan fitowa daga masallaci, kafin a wuce wurin mai koko da ƙosai ko teburin mai shayi, tsofaffi kuwa akan zuba musu garwashi a kasko a kai musu ɗaki. Da yake iska na da ƙarfi, ɗakuna da shinge kuma na ciyawa ne da kara, gobara ita ce babban abin tsoron hunturu, har mai gari kan sa mai shela ya zagaya unguwanni yana gargaɗin mata su kashe wuta bayan girki. Da dare kuma a gefen wutar ne kaka ke yi wa jikoki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici, tunda al'ada ta hana tatsuniya da rana, ana tsorata yara da cewa mai yin ta zai ɓace, abin da a zahiri dabara ce ta hana su shagala lokacin aiki. A tsangaya, wato makarantar allo ta masu neman haddar Alƙur'ani, wutar tana da wani amfani na daban, domin almajirai kan wuni suna tara kara, bayan magariba da kuma kafin asuba su kewaye ta da allunansu, ta zame musu fitila da bargo a lokaci guda. Bayan girbi ne kuma malamai da yawa ke ɗaukar almajiransu su yi ƙaura zuwa wani gari, wasu su nufi gabas wajen ƙasar Barno, wadda ta daɗe da shahara a karatun Alƙur'ani.

Wasannin wannan lokaci suna da alaƙa ta ƙut da ƙut da sana'o'in gado. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, waɗanda bayan kaka sukan bi garuruwan da ake biki suna yanka dabbobi da rana, da yamma kuma su kara da mahautan garin. Ɗan dambe kan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da igiya, ya bar ɗayan a buɗe yana kare kansa da shi, ana yin turmi uku, wato zagaye uku, kuma duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi. Kafin a gwabza, mai kalangu kan kaɗa wa kowane ɗan wasa takensa, shi kuma ya fito tsakiyar fili jikinsa na tsuma, ya yi kirari yana ambaton waɗanda ya taɓa kayarwa, jama'a na yi masa kari. Makaɗa irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace da wannan fage suka yi suna. Kokawa kuwa ta manoma ce, inda samarin wani gari ke tafiya da makaɗansu su kwana a garin da ya gayyace su, kuma a Jamhuriyar Nijar wannan wasa na ƙauye ya bunƙasa har ya zama gasar ƙasa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ake kuma gudanar da ita a lokacin sanyi, kowace jiha tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙananan garuruwa.

Samari da 'yan mata suna da nasu shagalin, wanda aka fi sani da kalankuwa, bikin murnar kammala aikin gona da sarkin samari ke shiryawa da izinin mai gari, a gayyato matasan ƙauyukan kewaye a yi kwanaki ana kiɗa da rawa, kuma a nan ne da yawa ke ganin waɗanda za su aura. A wasu yankuna, musamman a kudancin Nijar, akwai wasan kara, inda matasa ke naɗa junansu muƙaman sarauta da na gwamnati, su ƙera bindigogi da sauran kayan aiki da kara, su kwaikwayi masu mulki cikin raha a gaban jama'a. A daren farin wata kuma dandali kan cika, 'yan mata na gaɗa, yara maza na langa, wasan da ake yi da ƙafa ɗaya a riƙe ɗayar ta baya, wanda ke ɗumama jiki ya kuma gwada juriya.

Daji da ruwa ma suna da ranakunsu da masu iko da su. Idan ciyawa ta bushe, sarkin dawa ko sarkin baka kan sanar da ranar farauta, a kaɗa gangi, maharba da 'yan tauri da samari masu karnuka da gora su fita, wani lokaci garuruwa da dama a haɗe, a dawo da zomo da gafiya da zabo da fakara. Rigima kan wanda ya fara jifan dabba sananniya ce a wannan fita, shi ya sa ba a yin ta sai da shugaba. Haka nan tafkin da ruwa ya ja baya ya bari akan hana kowa taɓa shi har kifinsa ya girma, sai ranar da sarkin ruwa ya ba da izini a faɗa masa gaba ɗaya da homa da gora, abin da ake kira su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi a kogin Matan Fada wajen ƙarshen sanyi, daga wannan al'ada ta Kabawa ya tsiro, ya kuma sami siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2016.

Sai dai hunturu lokacin rabuwa ne kamar yadda yake lokacin taro, domin da zarar an gama bukukuwa majiya ƙarfi da yawa kan tafi cin rani, wato neman kuɗi a birni har zuwa faɗuwar ruwa, su yi dako ko ga-ruwa a Kano da Kaduna da Legas, wasu daga Nijar har Kumasi da Ankara ta ƙasar Ghana. Tafiyar tana kawo kuɗi, tana kuma rage bakin da ke cin hatsin rumbu. Inda akwai fadama ko madatsar ruwa, lissafin ya sauya, domin a garuruwa irin su Kura da Bunkure, da ke shan ruwan madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974, sanyi ya zama lokacin shukar alkama da dashen tumatir da albasa, kamar yadda yake ga manoman albasa na Galmi a Nijar, saboda haka manomin can ba shi da hutun da kakansa ya sani.

Wasu sauye-sauyen sun zo ta wasu hanyoyi. Wa'azin malamai ya rage kalankuwa da duk wasan da ke cakuɗa maza da mata, makarantar boko ta riƙe yara a lokacin da a da suke sake, gidan kallon ƙwallo da wayar hannu sun janye samari daga dandali, dambe kuma ya koma gidajen wasa na birane inda ake biyan kuɗin shiga. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato rashin tsaro ya sa fita farauta da taron dare sun zama abin kasada. A madadin abin da ya ragu, garuruwa da yawa sun ɗauki gasar ƙwallon ƙafa tsakanin unguwanni da musabaƙar karatun Alƙur'ani da walimar sauka. Abin da ya fi jure sauyi shi ne hidimomin da suka rataya kai tsaye a kan amfanin gona, wato aure da gini da gudummawar dangi, shi ya sa har yanzu yawan bukukuwan da aka yi a gari cikin sanyi ke nuna irin daminar da aka samu: shekarar da gero ya yi kyau makaɗa da magina da masu ɗinki ba sa zama, shekarar fari kuwa akan ɗage aure zuwa baɗi, samari kuma su tafi cin rani tun kafin a gama sussuka.