Shekarar Farko a Ƙananan Kwalejojin Amurka

A Amurka akwai ƙananan kwalejoji irin su Williams, wadda aka kafa a 1793, da Amherst, ta 1821, kowace da ɗalibai kimanin 2,000. Sunan tsarin karatunsu ya samo asali daga Latinanci, artes liberales, wato ilimin da ya dace da ɗa, ba bawa ba. Fannoni uku na farko a cikinsa su ne nahawu da manɗiƙi da balaga.

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ɗalibi yana shiga sashensa tun ranar rajista. A can kuwa, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu yake zaɓen fanni. A shekarar farko yana iya haɗa ilimin harshe da lissafi da tarihi. A Amherst, wajibi ne kowane sabon ɗalibi ya shiga ƙaramin aji na muhawara, inda ake horar da shi kan karatu da rubutu. A Swarthmore, sakamakon zangon farko "ya ci" ne ko "bai ci ba", domin ɗalibi ya gwada sabon fanni ba da fargaba ba.

Wannan ƴanci yana da nauyi. A ajin mutum goma sha biyar babu wurin ɓuya: wanda bai yi karatu ba, shirunsa zai tona shi. Kuɗin makaranta kuma ya haura dala 60,000 a shekara, shi ya sa ɗan talaka ba ya shiga sai da tallafin kwalejin.