Gaɓar Ƙarfe da Aljihun Talaka

Dattijon da ke jan ƙafa daga Fagge zuwa Sabon Gari neman maganin raɗaɗi, sau da yawa guringuntsin kwatangwalonsa ne ya zaizaye, ƙashi na gugar ƙashi. Masu sikila kuwa tun da ƙuruciya suke fama, idan jini ya daina isa kan ƙashin cinya.

Tun 1962 likita John Charnley ya inganta aikin musanya gaɓar da ƙarfe da roba mai tauri a Ingila, yau har tangaran ake sawa. Ana yin tiyatar a Asibitin Ƙashi na Dala, sai dai kayan aikin daga waje ake sayo su. Wajibi ne gwamnatin Kano ta tallafa wa talaka da kuɗin tiyatar, domin ƙwaya ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye.