Idan Madatsar Ruwa Ta Fara Yoyo

Ran 5 ga Yuni 1976, da safe, ma'aikatan madatsar Teton a Amurka suka ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa daga jikinta. Dab da tsakar rana ta ɓarke, mutum 11 suka rasu. Sabuwa ce fil, tsayinta mita 93, karon farko ke nan da ake cika ta.

Mai karatu, kowace madatsar ƙasa tana yoyo, kamar sabuwar randa. Injiniyoyi sun san haka. Shi ya sa sukan daddale yumɓu a tsakiyarta, su zuba yashi da tsakuwa a bayansa, domin ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. In ruwan da ke fita garau ne, bai kuwa ƙaru ba, da sauƙi. In ya zo da laka, to, cikin madatsar yake ci, ramin kuwa faɗi yake ƙarawa.

A ƙananan madatsun ƙauyukanmu, gafiya da gara da saiwar itace su ke buɗe wa ruwa hanya. Ni kam, inuwa bisa madatsa ba ta burge ni. A sare itacen tun yana ƙarami, gama in babba ya mutu, saiwarsa takan ruɓe ta bar rami.