Zuciya Ma Sai da Linzami

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Makarfi lokacin kakar rake, ko a bakin lambun tumatir a ƙasar Ikara cikin rani, ya san irin wannan. Manomi ya kwashe watanni yana ban ruwa, ya ci bashin taki da na man inji, ga kwanduna jere a rana. Mai saye ya zo ya taya da kuɗin da ko na taki bai kai ba. Maimakon manomi ya ce "albarka" a ci gaba da ciniki, sai ransa ya ɓaci, ya ɗura wa mutumin ashar. Mai saye ya shiga motarsa ya yi gaba, dillali ya ja jiki, tumatir kuwa ba ya jiran mai fushi ya huce. Kafin la'asar ya fara ruwa, ala tilas a sallama shi ƙasa da tayin farko. Wahalar wata uku, zuciya ta cinye ta a minti biyar.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan matsala. A 1990 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka yi bayanin wata basira da ta bambanta da ta karatu da lissafi, wato basirar sanin zuciya da iya sarrafa ta. A 1995 Daniel Goleman ya rubuta littafi a kai, zancen ya bazu a duniya. Ginshiƙanta biyar ne: mutum ya gane abin da ke taso masa a rai, ya iya riƙe kansa, ya kasance mai himma, ya iya fahimtar halin da wani ke ciki, sannan ya iya zama da jama'a.

Bahaushe zai ji wannan ya ce ai mutumin kirki ake nufi, kuma yana da gaskiya. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya koyar a Zariya, ya wallafa nazari a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, inda ya jero halaye irin su haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Abin da binciken zamani ya ƙara mana shi ne, waɗannan halaye koyonsu ake yi kamar yadda ake koyon noma ko ɗinki. Saboda haka mai cewa "ni haka Allah Ya yi ni, ina da zuciya" yana yaudarar kansa ne.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke aikin gadi. Da zarar ya ji alamar barazana, ko da baƙar magana ce, sai ya tada jiki: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sama, murya ta ɗau rawa. Sashen da ke auna abu yana tunanin ƙarshensa kuwa yana bayan goshi, kuma shi a hankali yake aikinsa. Duk maganar da ta fita a wannan ɗan tsakani, ba hankali ne ya tace ta ba. Shi ya sa malamanmu ke karantar da cewa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, in a tsaye yake ya zauna, ko ya je ya yi alwala. Duk dabarun ba wa hankali lokaci ne ya iso.

Sai dai a kula, haƙuri daban, ƙunshe baƙin ciki daban. Matar da ke haɗiye ɓacin rai shekara da shekaru, ko yaron shagon da ubangidansa ke yarfa shi gaban mutane yana shiru, ranar da abin zai fashe kowa sai ya yi mamaki. Damuwar da aka binne tana hana barci, tana kuma cikin abubuwan da ke tsananta hawan jini. Mai basira yakan bari ya huce, sannan ya sami mutumin su biyu ya ce, "Yaya, maganar jiya ta sosa mini rai."

A jiharmu ta Kaduna muna da misalin da duniya ta shaida. A rikicin Zangon Kataf na 1992, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Kowannensu yana da dalilin riƙon gaba har abada. Suka haɗu a 1995, zukata cike da zargi. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je dubiya, ƙanƙarar ta fara narkewa. Tare suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, kuma suna cikin waɗanda suka yi tsayin daka har shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a ranar 22 ga Agusta, 2002, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi. Idan waɗannan sun iya, me zai hana maƙwabta biyu a Malikanchi ko Hunkuyi su sasanta kan iyakar gona?

A wurin aiki ma haka ne. Ɗalibar da ta fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta iya allura da awon ciki, amma uwar da ta goyo yaro mai zazzaɓi daga ƙauye tsakar dare fuska take fara dubawa. In aka daka mata tsawa don ta makara, gobe wajen mai tallan magani za ta nufa. In aka ce, "Sannu Inna, zauna mu duba shi," an sami amincewarta da ta duk matan unguwarsu. A gida kuwa, aure nawa ne kalmar saki ta rusa cikin fushi, washegari miji ya bi malamai yana neman mafita? Yanzu ga waya ta ƙara sauƙaƙa ɓarnar. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya raba zumuncin shekara ashirin, kuma magana zarar bunu ce.

Don haka kowa ya san alamar tasowar fushinsa, ko zafin ƙirji ne ko rawar hannu. In ya ji ta, ya ajiye waya, ya ɗage hukunci zuwa gobe. Ya saurari abokin magana har ya dire kafin ya ba da amsa, ya kuma tambayi kansa ko yunwa, bashi ko rashin barci ne ke magana da bakin mutumin. Iyaye su tuna cewa yaro da ido yake koyo, yadda ya ga Baba na yi wa Umma magana haka zai ɗauka. Manomin nan na farko ma, da ya ce "albarka, Alhaji, ƙara dai," da wataƙila tumatirinsa na cikin mota a kan hanyar Legas tun kafin azahar.