Wa Ke da Alhakin Annobar Ƙwayoyin Kashe Raɗaɗi a Amurka?

A shekarar 1996 ne kamfanin Purdue Pharma, mallakar zuriyar Sackler, ya shigar da ƙwayar kashe raɗaɗi mai suna OxyContin kasuwannin Amurka, sa'an nan ya baza wakilansa asibiti-asibiti suna shaida wa likitoci cewa da wuya mai shan wannan magani ya kamu da jarabarsa, alhali kuwa hujjar da suka dogara da ita ba ta taka kara ta karya ba. Likitoci suka dinga rubutawa, har ya zamana mahaƙin kwal da ya je da ciwon baya yakan koma gida da kwalba cike, bayan 'yan watanni ya wayi gari ba ya iya fita aiki sai ya haɗiya.

Galibi akan ce mai sha ne ya kasa mallakar nafsinsa, amma wannan hukunci ya rasa adalci, domin amana ya ba likitansa. Ba a kan OxyContin kaɗai abin ya tsaya ba: a Kermit, wani ƙauye mai mutum kimanin 400 a Jihar West Virginia, kantin magani guda ya karɓi wata ƙwayar kashe raɗaɗi mai suna hydrocodone kusan miliyan 9 cikin shekara biyu, dillalai kuwa suna riƙe da lissafin, suka kau da kai.

Purdue ya amsa laifin yaudara a 2007, aka ci shi tarar kimanin dala miliyan 600, ya kuma sake amsa laifi a 2020. Hukumar kula da magunguna ta FDA da likitoci suna da nasu kason, amma mafi nauyin alhakin yana wuyan kamfanin da ya san haɗarin, ya ɓoye shi saboda riba.